Alhaji Umaru na Kete-Krachi, malamin hanyar Gwanja da ya mai da kallon halitta karatu

A shekarar 1934 Allah ya yi wa Alhaji Umaru ɗan Abubakar rasuwa a Kete-Krachi, garin fatake da ke bakin kogin Volta, cikin ƙasar Ghana ta yau. Shi ne limamin garin, malami mai almajirai da yawa, kuma ɗaya daga cikin manyan marubutan Hausa da Larabci na zamaninsa. Wasu na kiransa Alhaji Umaru Salaga, wasu Liman Umaru, a littattafan Turawa kuma akan ga an rubuta Imam Imoru. An fi tunawa da shi saboda waƙoƙinsa a kan zuwan Turawa da kuma talauci. Sai dai akwai wani gefe na aikinsa da ba a cika ambato ba, wato yadda ya zuba ido a kan ƙasa da abin da Allah ya shimfiɗa a cikinta, tsiro da dabba da mutane da sana'o'insu, ya rubuta su dalla-dalla, alhali aikinsa na yau da kullum limanci ne da karantarwa.

Tarihinsa ya shafi mutanen Parakou da Djougou, domin fataucin da ya ciyar da gidansu, ya kuma kai shi inda ya ƙare rayuwarsa, shi ne fataucin goro da ya raya zangunan waɗannan garuruwa biyu.

Ɗan fatake a Kano

An haife shi a Kano wajen shekarar 1858. Asalin gidansu Kabawa ne, shi ya sa a rubuce-rubucensa na Larabci ake jingina shi ga Kabi da Kano da Salaga gaba ɗaya. Mahaifinsa falke ne mai zuwa Gwanja. A wancan zamani ayari kan tashi daga Kano da kanwa da tufafin rini da fatu, a kan jakuna da kawunan mutane, ya dawo da goro. Madugu ne shugaban ayari, jagaba yana gaba yana nuna hanya, tafiya da dawowa kuma sukan ci wata shida har zuwa shekara guda. Baturen Ingila Hugh Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kaiama ta ƙasar Bargu a 1826, ya ƙiyasta mutanensa sun haura 1,000.

Hanyar tana da rassa. Ɗaya yana bi ta arewa, ta ƙasar Gurma da Sansanin Mango. Ɗayan yana ƙetare Kwara, ya shiga Bargu, ya ratsa Nikki da Parakou da Djougou, wadda fatake ke kira Zugu, ya bi ta ƙasar Kotokoli har Salaga. A kowane zango akwai masu masauki da dillalai da malamai. Ta haka Dendanci da Hausa suka zauna daram a kasuwannin Bargu, ta haka kuma Djougou ta yi suna a karatun addini. Yaron da ya tashi a gidan irin waɗannan fatake yana jin sunayen ƙasashe da koguna da abincin wasu al'ummu tun kafin ya iya haɗa baƙi da wasali.

Karatun zaure

Umaru ya fara karatu a Kano, daga baya ya ci gaba da neman ilimi a yamma, wajen Sakkwato da Gwandu da Argungu, ya kuma yi yawo a ƙasashen Dendi da Mosi da Gurunsi. Tun yana da shekara kusan 20, wajen 1877, ya rubuta littafin Larabci a kan yadda ake rubuta wasiƙa, mai suna Sarhatul Wariƙa. Littafi ne da ya dace da gidan fatake, inda kullum ake bukatar wanda zai rubuta wa sarki ko abokin ciniki ko ɗan'uwa da ke nesa.

Don a gane abin da ya rubuta daga baya, sai an dubi abin da almajirin ilimi na lokacin yake karantawa. Bayan saukar Alƙur'ani akan shiga fiƙihu da tauhidi da nahawu da lugga. A tauhidi, hujjar farko da ake koya wa almajiri a kan samuwar Mahalicci ita ce halittar kanta, da yadda take sauyawa, da yadda ta bambanta. A tafsiri yana gamuwa da ayoyin Suratu Faɗir da ke jawo hankali ga bambancin launin 'ya'yan itatuwa da duwatsu da mutane da dabbobi, a wurin kuma aka ambaci malamai da tsoron Allah. Suratur Rum ta sa bambancin harsuna da launin jiki cikin ayoyin Ubangiji. Suratur Ra'adi ta yi maganar gonaki maƙwabtan juna da ake shayarwa da ruwa ɗaya amma ɗanɗanon amfaninsu ya sha bamban. Wannan shi malamai ke kira tafakkuri, wato a dubi halitta da kyau don a san girman wanda ya yi ta.

A gefen lugga kuma, almajiri yana karanta Ishiriniya da Burda da Muƙamar Hariri, da waƙoƙin Larabawan Jahiliyya da ake kira Shu'ara. Waɗannan na ƙarshe cike suke da raƙuma da dawaki da namun daji da hadari da taurari. Ke nan tun a zaure almajiri yana samun abu biyu, dalilin addini na kallon halitta, da kuma misalin yadda ake siffanta ta da baiti.

Daga Salaga zuwa Kete-Krachi

Wajen 1892 Umaru ya zauna a Salaga, babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja. Ya tarar da garin ya fara ja da baya. Tun 1874, da sojojin Ingila suka ƙone Kumasi, ikon Asante a kan Salaga ya karye, goro ya fara karkata zuwa wasu kasuwanni irin su Kintampo. A ƙarshen 1892 yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin gidajen sarautar Kpembe, wadda Salaga ke ƙarƙashinta, aka watse, fatake da malamai suka bazu. Umaru ya rubuta doguwar waƙar Larabci a kan wannan bala'i. A Salaga ne kuma ya san Bajamushe Gottlob Adolf Krause, mai nazarin harsuna, wanda Hausawa suka laƙaba wa Malam Musa.

Da yawa daga cikin mutanen Salaga sun gangara kudu zuwa Kete-Krachi, shi ma can ya koma a tsakiyar shekarun 1890. Garin biyu ne a haɗe: Krachi ta 'yan ƙasa, inda tsafin Dente yake, da Kete, zangon Musulmi fatake. Jamusawa sun kafa bariki a wurin a 1894. Bayan takaddama a kan wanda ya cancanci limanci, hukumar Jamus ta tabbatar wa Umaru da shi.

A daidai waɗannan shekaru ne aka yanka hanyar Gwanja gunduwa-gunduwa. Yarjejeniyar Faransa da Jamus ta 1897 ta bar Djougou a hannun Faransa, Sansanin Mango a hannun Jamus. Ta Faransa da Ingila ta 1898 ta raba Bargu biyu, Nikki da Parakou a gefe ɗaya, Bussa da Kaiama a ɗaya gefen. Hanyar da falke ke bi da yardar sarakuna ta koma tana ratsa iyakokin ƙasashen Turai uku. Daga baya jirgin ruwa ya riƙa kai goro Legas, jirgin ƙasa kuma, wanda ya isa Kano a 1911, ya riƙa haurawa da shi arewa. Zamanin manyan ayari ya wuce a kan idon Umaru.

Abin da ya rubuta wa Mischlich

A Kete-Krachi ya haɗu da Adam Mischlich, Bajamushe da ya fara zuwa Afirka a matsayin ɗan mishan, daga baya ya zama jami'in mulki. Mischlich yana son Hausa, ya kuma buga ƙamus ɗinta a 1906. Ya riƙa roƙon liman ya rubuta masa abin da ya sani game da ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Umaru ya yi ta rubutawa da ajami, shekara da shekaru.

Abin da ya fito daga wannan zama ba ƙarami ba ne. Akwai tarihin ƙasashe, har da na Kabi, ƙasar kakanninsa, da labarin kafuwar masarautar Ilorin. Akwai kuma bayanin rayuwar yau da kullum: noma da kiwo, rini da saƙa da ƙira, kasuwa da fatauci, da zaman jama'a. Mischlich ya buga wani sashe a Berlin a 1942, cikin littafi a kan noma da sana'o'i da ciniki a tsakiyar Sudan. A 1973 Douglas Ferguson ya yi digirinsa na uku a jami'ar California da ke Los Angeles a kan waɗannan rubuce-rubuce, ya mai da su Ingilishi a matsayin bayanin ƙasa da tattalin arziki da al'ummar Hausa na ƙarni na 19. A shekarar 2000 masani ɗan ƙasar Poland, Stanislaw Pilaszewicz, ya buga wani tarin zubensa na ajami.

Malaman zamaninsa sun saba rubuta fiƙihu da wa'azi da yabon Manzo. Kaɗan ne suka ga gona da marina da maƙera sun isa a ɓata musu tawada. Irin wannan rubutu yana bukatar ido da haƙuri. Manomi ya san gero dabam, maiwa dabam, ya san kaura ba farfara ba ce ko da yake duk dawa ce, ya san jigawa da fadama kowace da abin da take so. Amma ilimin yana bakinsa ne, in ya mutu ya tafi da shi. Wanda zai sa shi a takarda sai ya yarda cewa bambancin yana da daraja, ya tsaya ya kira kowane abu da sunansa. Umaru ya yi haka yana zaune a bakin Volta, nesa da Kano, daga abin da ya gani ya kuma riƙe tun ƙuruciya. Gaskiya ne Bature ne ya nema, kuma Baturen yana da bukatarsa ta mulki. Amma idon da ya ga abubuwan, da hannun da ya rubuta su, na almajirin zaure ne da aka tarbiyyantar a kan cewa duban halitta hanya ce ta sanin Allah.

Imru'ul Ƙaisi da bakin Hausa

Wani aikin da ya nuna wannan hali shi ne fassarar waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi zuwa Hausa. Imru'ul Ƙaisi mawaƙin Larabawa ne na ƙarni na 6, ya mutu kafin zuwan Musulunci. Shahararriyar waƙarsa ta siffanta tsawon dare, da doki da ya kamanta gaɓoɓinsa da na barewa da jimina, da farauta, sannan ta ƙare da hadari da ambaliya da kukan tsuntsaye bayan an ɗauke ruwa. Baturen Ingila R. S. Rattray ya buga samfurin fassarar Umaru a 1934, shekarar da liman ya rasu.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa limamin gari da mawaƙin Jahiliyya? Amsar tana cikin al'adar karatun kanta. Tun zamanin sahabbai masu tafsiri kan koma ga tsofaffin waƙoƙin Larabawa don gano ma'anar kalma mai wuya a Alƙur'ani, an kuma san Abdullahi ɗan Abbas da wannan. Don haka waƙoƙin suka zama tsani na lugga. A zaure malami yakan fassara su da baki, kalma bayan kalma, almajiri ya haddace. Umaru ya ɗauki wannan fassara ta baki ya sa ta a rubuce. Aiki ne mai wuya, domin kowace dabba da tsiro da iska ta hamadar Larabawa sai an nemo mata suna ko makusanci a Hausa. Wanda bai san dajin ƙasarsa ba ba zai iya ba.

Waƙoƙinsa

Waƙoƙin da ya tsara da kansa sun bi tsarin malamai, a fara da sunan Allah, a rufe da salati da addu'a. Abin da ke tsakani kuwa duniya ce yadda ya gan ta. A wajen 1899 da 1900 ya yi waƙoƙin Larabci biyu a kan zuwan Nasara, a 1903 kuma ya yi ta Hausa. A cikinsu yana jero garuruwa da ƙasashe da sarakunan da Turawa suka ci, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai bin taswira. Sanin ƙasa irin na ɗan fatake ne ya ba shi damar haka.

Waƙar Talauci da Wadata ta dubi mutane. Ta nuna yadda jama'a ke wulaƙanta matalauci ko da yana da gaskiya da asali, suke kuma girmama mai dukiya ko da ba shi da su. Da annobar mura ta 1918 da 1919 ta iso yankin, wadda aka sa wa suna tunkuyau, ya yi mata waƙa yana siffanta yadda take kama jikin mutum, yana roƙon Allah sauƙi. A nan ma hanyarsa ɗaya ce. Sai ya kalli abin da kyau, ya faɗi kamanninsa, sannan ya mai da al'amari ga Allah.

Yabon Mahalicci ta hanyar siffanta halitta ba na al'umma ɗaya ba ne. A ƙasar Italiya, Faransis na Asisi ya yi waƙarsa ta halittu wajen 1225, yana yabon Ubangiji saboda rana da wata da iska da ruwa. A Birtaniya, limamin Katolika Gerard Manley Hopkins ya yi gajeriyar waƙa a 1877 yana gode wa Allah saboda abubuwa masu dabbare-dabbare da roɗi-roɗi, ba a kuma buga tarin waƙoƙinsa ba sai 1918, bayan mutuwarsa. A wajen malaman Hausa, wannan yabo ya fi zuwa a saƙe cikin wasu fannoni, cikin waƙoƙin tauhidi da na wa'azi, da na taurari da ke jero manazili 28 don sanin lokutan shekara. Daga baya, a zamanin boko, aka sami irin Waƙar Damina ta Na'ibi Sulaimanu Wali, wadda ta keɓe kanta ga siffanta damina da ni'imar Allah da ke cikinta. Mai nazarin wannan fanni a Hausa, in ya tsaya neman waƙa mai ɗauke da sunan halitta kawai, zai tsallake mutane irin su Umaru, waɗanda kallon halitta ya ratsa dukan aikinsu.

Hajji da ƙarshen rayuwa

A 1913 ya tafi aikin hajji. A Madina ya karɓi ɗariƙar Tijjaniyya a hannun Alfa Hashim, ɗan ɗan'uwan Shehu Umarul Futi, wanda ya yi hijira zuwa can bayan yaƙin Burmi na 1903. Kafin ya dawo duniya ta sake juyawa. Jamus ta rasa Togo a 1914, Kete-Krachi ta koma hannun Ingila. Ya ci gaba da limanci da karantarwa, almajirai na zuwa daga zanguna na kusa da na nesa, suna komawa da kwafin waƙoƙinsa da suka juya da hannunsu. Haka ya zauna har rasuwarsa yana da shekara kusan 76.

Shekara 30 bayan haka aka datse Volta a Akosombo. An gama madatsar a 1965, tafkin da ya taru ya kai murabba'in kilomita kusan 8,500, ya kuma cinye tsohuwar Kete-Krachi, aka tashi mutane zuwa sabon wuri. Garin da ya yi kusan shekara 40 yana karantarwa a cikinsa yana ƙarƙashin ruwa.

Rubuce-rubucensa sun tsira ta hanya biyu. Zuben da ya yi wa Mischlich ya tafi Jamus, ya shiga hannun masani Heinz Sölken, wanda ya buga tarihin Kabi daga ciki. Waƙoƙin kuma sun zauna a gafakokin almajiransa da almajiran almajiransa. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta jami'ar Ghana da ke Legon ta bi gidajen malamai tana ɗaukar hoton takardun Larabci da ajami, ta mayar wa masu su da asalinsu. Da yawa daga cikin waƙoƙin Umaru da masana ke karantawa yau daga wannan tari suka fito.

Abin da ya rage wa Djougou da Parakou

Djougou da Parakou zanguna ne na hanya ɗaya da Salaga da Kete-Krachi, kuma sun daɗe da gidajen malamai. Inda duk aka yi karatun zaure na tsawon zamani, akan bar takardu: kwafin littattafai, wasiƙu, waƙoƙi, fassarar kalmomi a gefen shafi, lissafin taurari da bayanin magunguna. Maƙiyan irin waɗannan takardu sanannu ne, gara da yoyon ɗaki da gobara, da kuma rabon gado da ke raba littafi ɗaya gida uku. Akwai kuma wani haɗari da ba a gani da ido. Yaron da ya yi karatun Faransanci kawai ba ya iya karanta ajami, wanda ya yi na allo kawai kuma sau da yawa bai san masana na neman abin da ke cikin gafakar kakansa ba.

Tare da takardun akwai kalmomi. Sunayen itatuwa da ciyayi da tsuntsaye da irin hatsi, a Hausa da Dendanci da Barbanci, suna bakin manoma da makiyaya da mafarauta da tsofaffin mata masu sayar da magani a kasuwar Arzèkè. Duk sunan da ya ɓace, sanin amfanin abin ya bi shi. Abin da ya sa ake iya sanin yadda aka yi noma da rini da ciniki a ƙasar Hausa shekara 150 da suka wuce shi ne wani malami ya zauna ya rubuta.

Aikin da aka yi a Legon ba ya bukatar a raba kowa da gadonsa, kuma yau wayar hannu mai kyamara ta isa a fara shi. Parakou tana da jami'a tun 2001, zangunanta da na Djougou kuma suna da malaman da ke karanta ajami da Larabci. Ɗalibin da ke son nazarin yadda malaman wannan yanki suka yabi Allah ta hanyar halittarsa zai fara ne da koyon karanta rubutunsu, sannan ya nemi izinin masu gida ya ga abin da ke cikin gafaka.